Littafin sojan Bama da ke yawo a hannunmu

Maman Hafsa: Assalamu alaikum. Littafin soyayyar nan na sojan da aka kai yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya iso hannuna jiya, bangonsa ya yage, wata kuma ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin wasiƙar ƙarshe. Shin kuna ganin budurwar ta kyauta da ta amince aka ɗaura mata aure da wani, alhali babu labarin mutuwar saurayinta?

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumussalam, Hajiya. Ni ban ga laifinta ba, domin sojojinmu na runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma sun bar gida a 1943, sun yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, kuma da yawansu sai a 1946 suka dawo, ga shi wasiƙunsa sun yanke tun shekarar farko.

'Yar Katsina: Malam, ai mahaifinta ne ya riƙa ɓoye wasiƙun a cikin adaka, wurin da na yi kuka ke nan. Yaya, idan kin gama, layina ne.

Maman Hafsa: Ki yi haƙuri, ƙanwata, maƙwabciyata ta riga ki.