Matasa da Lasisin Bindigar Farauta a Ingila

Iyaye da tsofaffin mafarautan da suka tattauna batun yadda matashi zai samu lasisin bindigar farauta a Ingila sun ba da shawarar a fara da sanin dokar bindigogi ta 1968. Dokar ba ta ƙayyade shekarun samun lasisin bindigar harbin tsuntsaye ba, amma yaron da bai kai 15 ba, ba zai riƙe ta a harhaɗe ba sai mai shekara 21 ko fiye yana kula da shi. Lasisin bindiga mai cin dogon zango sai an cika 14, saye kuwa sai 18. Abin da suka fi nanatawa, kuma da gaskiyarsu, shi ne ajiya, domin 'yan sanda, masu bayar da lasisin na shekara 5, sukan zo gida su duba akwatin ƙarfen da ake kulle bindigar.