Yaya ake raino magaji har ya iya yanke shawara a ranar da babu wanda ya san gaba?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum. Shekarata 61, kuma shekara 14 ke nan ina riƙe da shugabancin wata ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa a nan Sakkwato. Mambobinmu suna noma a fadamun Kware, Wurno da Goronyo, mu tara kaya mu yi lodi zuwa Kudu ko mu ƙetare da shi ta Illela. Gwiwata ta fara ba ni wahala, ina so in sauka kafin a ce in sauka.

Akwai yaron da kowa ya sa wa ido, sakatarenmu. Ɗan abokina ne marigayi, shekararsa 34, ya yi digiri, lissafinsa bai taɓa ɓacewa da ko sisi ba. Sau uku muna biya masa kuɗin bita kan shugabanci, ya dawo da takardun shaida. Amana kam yana da ita, ban taɓa kokwanto ba.

Ga abin da ke hana ni barci. A Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, albasa ta fara fitowa kasuwa. Babban Banki ya ce wa'adin tsofaffin kuɗi 10 ga wata, Kotun Ƙoli ta ce a dakata, shugaban ƙasa ya fito ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za ta ci gaba da aiki. Wani mai saye ya zo mana da tsofaffin dubu-dubu zai ɗauki buhu 200. Manomanmu na ƙauye ba sa karɓar taransfa, albasa kuma ba ta jira. Yaron ya ce kada a karɓa, sanarwar banki ta hana. Na ce a karɓi na rabin kayan, a raba wa manoma nan take su biya leburori da masu shago da ke karɓa har lokacin. Hakan aka yi. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin kuɗi na nan har ƙarshen shekara. Ban san za ta faɗi haka ba, wallahi. Na dai auna asarar da za mu iya ɗauka idan na yi kuskure.

Sai Agusta, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe boda muna da mota biyu cike a hanyar Illela. Na ce masa wannan karon shi zai yanke: a jira, a karkata Kudu, ko a sauke a sayar a gida da asara. Kwana biyu yana kiran mutane a waya yana neman wanda zai gaya masa ranar da za a buɗe. Babu wanda ya sani, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A rana ta uku na karɓe, na ce a juya motocin.

Tambayata: wannan abin da ya rasa, ana koyar da shi? Ko sai shekaru sun kawo shi? Ba ni da wata shekara goma ta jira.

Tsohon Darakta:

Wa alaikumussalam. Alhaji, Allah shi ƙara lafiya. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, na je kwasa-kwasai da dama, kuma ba na raina su. Cibiyar Kuru da ke kusa da Jos tun 1979 take horar da manyan ma'aikata, an amfana. Amma kwas yana ƙara wa mutum abin da ya sani ne. Yadda zuciyarsa za ta tsaya a ranar da sanin ya ƙare, wannan wani abu ne daban.

Matsala iri biyu ce. Akwai wadda amsarta tana nan a wani wuri: injin ban ruwa ya lalace, a kira makanike. Akwai kuma wadda amsarta ba ta wanzu ba tukuna, ko waye ka kira. Yaronka ya ƙware a ta farko, shi ya sa da ta biyu ta zo ya yi mata maganin ta farko, ya shiga neman wanda ya sani. Ba lalaci ba ne. Duk tsawon karatunsa, kowace tambaya aka yi masa akwai amsarta a bayan littafi.

Ni abin da ya canza ni wani maigidana ne a ofis. In na kai masa fayil sai ya ce, "Me kake gani?" In na faɗa sai ya ce, "In ka yi kuskure, wa zai fara jin jiki, kuma nawa za a rasa?" Daga nan ya yi shiru. Shirun nan ya fi faɗa ciwo. Bayan wata guda sai ya kira ni mu duba abin da ya faru, ba don ya ce na yi daidai ko na yi kuskure ba, sai don in faɗi abin da na zata da abin da ya auku. Ka fara yi masa haka, ya riƙa rubuta zatonsa kafin a san sakamako.

Malama Mai Alli:

Baba Alhaji, a yi mini afuwa, zan faɗi abin da na gani a labarinka. Sau biyu ka ba da misali, kuma sau biyun kai ka yanke. A na farko ka soke maganarsa, a na biyu ka karɓe a rana ta uku. To yaushe ya taɓa ɗaukar shawara daga farko har ƙarshe, ya kwana da ita, ya tsaya gaban mambobi ya ce ni na yi? Yana sane cewa kana bayansa za ka karɓe. Wanda ya san za a karɓe, jira ne hikima a wurinsa.

Ina koyar da ilimin tarbiyya, kuma akwai wani malami da ya koyar a Jami'ar Harvard ta Amurka, Robert Kegan, da ya daɗe yana nazarin yadda tunanin baligi ke ci gaba da girma bayan jiki ya gama nasa. Ya ce akwai matakin da mutum ke auna kansa da idon waɗanda yake girmamawa: me Baba zai ce, me takarda ta ce. Akwai na gaba, inda mutum yake da nasa ma'aunin, ya saurari kowa amma shi zai auna. Akwai kuma wanda ba kowa ke kaiwa ba, inda mutum zai iya juyowa ya duba ma'aunin nasa ya ga inda ya gaza. Ba a tsallaka daga wannan zuwa wancan da lacca. Sai mutum ya haɗu da nauyin da tsohon tunaninsa bai iya ɗauka ba, kuma a ce akwai wanda ke kusa da shi yana tallafa masa ba tare da ya sauke masa kayan ba.

Kuma ka tuna kai ne aminin mahaifinsa. A wurinsa kai uba ne. Kunyar ya saɓa maka, ko ya jawo asara a gabanka, tana iya fin tsoron asarar kanta. A tarbiyyarmu wannan kunya abin yabo ce, ni ma ba na so ta ɓace. Sai dai kai ne za ka buɗe masa ƙofa da bakinka, ka ce masa ka yarda ya saɓa maka a kan harkar ƙungiya. Ka taɓa ba shi labarin wata asara da kai ka jawo? Idan nasarorinka kaɗai ya sani, zai ɗauka shugaba ba ya kuskure, shi kuwa ya san yana yi.

Almajirin Hubbare:

Malama ta yi gaskiya, kuma misalin na nan a gidanmu. Muhammadu Bello bai kai shekara 25 ba lokacin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, amma an ɗora masa nauyi na gaske, ya ga nasara a Tabkin Kwatto, ya ga rashi mai ɗaci a Tsuntsuwa da Alwasa. A 1812 Shehu ya raba gudanar da ƙasa tsakanin ɗansa Bello da ƙanensa Abdullahi, shi ya koma ga karantarwa. Shehu bai rasu ba sai 1817. Shekara biyar ke nan suna riƙe da ragama yana raye, ana iya komawa gare shi, amma ba shi ke gudanarwa ba.

Sannan a dubi 1903. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya yi shawara da malamai, ya zaɓi komawa gari da jama'ar da ba za su iya tafiya ba. Dukansu masu ilimi ne, dukansu masu tsoron Allah, babu wanda ya san abin da gobe za ta kawo. Ina kawo wannan ne don yaron ya san cewa akwai ranar da hanya biyu duk suna da hujja, duk suna da asara, kuma dole a bi ɗaya. A yi shawara, a yi istihara, a ɗaura niyya.

Matashin Kara:

Ranka shi daɗe, ni sa'an yaron ne, bari in faɗi namu ɓangaren. In babba ya yi kuskure sai a ce ƙaddara, in yaro ya yi sai a ce ai daman mun faɗa. Da kotu ta soke tsofaffin kuɗin nan, mambobi za su yi maka uzuri saboda shekara 14. Shi da a ranar za su cire shi. Kafin ka ce ba ya iya yanke shawara, ka tambayi kanka ko kujerarsa za ta iya ɗaukar kuskure ɗaya.

Ɗan Fadama:

Na karanta duka, na gode, Allah ya saka da alheri. Malama, maganarki ta zauna mini a ƙirji tun jiya. Ban taɓa lura cewa ni ke karɓewa ba, a ganina ceto nake yi. Kuma gaskiya ne, bai san labarin 2010 ba. Shekarar ambaliyar nan da ta karya gadar hanyar jami'a, na matsa wa mutane a zuba kuɗin ƙungiya a irin shuka da taki da wuri, ruwa ya cinye. Wata shida ina jin nauyin shiga taro. Yau da daddare zan kira shi gida in ba shi labarin tun daga farko.

Ɗana Matashin Kara, ka taɓo inda ban duba ba. A taron wata mai zuwa zan faɗa a gaban kowa cewa ajiyar bana a hannunsa take, kuma in an yi asara a rubuta da sunana tare da nasa.

Ajiyar ita ce gwajin da ya dace, a ganina. Lokacin kaka albasa arha take, in ka ajiye zuwa ƙarshen shekara farashi kan tashi, amma kullum tana ruɓewa tana raguwa a rumbu, kuma ba wanda zai gaya maka ranar da ya kamata ka buɗe. Zan ware masa buhu 150 daga kayan ƙungiya, adadin da ko ya lalace gaba ɗaya ba zai durƙusar da mu ba. Shi zai ce a sayar ko a riƙe. Zan bi shawarar Darakta, ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da yake zato da dalilinsa duk ranar Juma'a, mu zauna mu duba tare.

Abin da nake tsoro shi ne kaina. In na shiga rumbu na ji warin ruɓa ya fara, na san bakina zai yi ƙaiƙayi. Darakta, shi maigidan naka, in ya ga za ka faɗa rami da idonsa, yana yin shirun har ƙarshe, ko akwai inda yake tsayar da kai?

Tsohon Darakta:

Yana tsayar da ni, Alhaji, amma wuri biyu kawai: in abin zai taɓa haƙƙin wani da ba ya wurin, ko in asara ce da ba a dawowa daga ita. Ya gaya mini waɗannan biyun tun ranar farko, don haka na san iyakar filina. Sauran duk ya bar ni. Sau ɗaya na jawo mana tafiya har Gusau a banza, da mota da mai da kwana biyu, yana kallo. Da muka dawo ya ce in zauna in rubuta masa inda lissafina ya kauce. Kafin a zuba buhun farko a rumbu, ka zauna da yaron ku yanke naku iyakokin, ya ji su daga bakinka.