Me ya sa kududdufan saman duwatsu ba su kai na bakin teku yawan halittu ba?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san sha'anin gaɓar teku mai duwatsu. Na lura cewa idan teku ya janye, ruwa yakan maƙale a kwarmin duwatsu, amma kududdufan da ke can sama ba su da komai sai koren gansakuka da 'yan ƙananan dodon koɗi, alhali na kusa da bakin ruwa cike suke da kaguwa da ƙananan kifaye. Mene ne ya kawo wannan bambanci, kuma wane lokaci ne ya fi dacewa mutum ya je kallo?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dalilin yana ga tsawon lokacin da kowane kududdufi yake yi ba tare da teku ya sabunta masa ruwa ba. Na sama yakan yini a rana, ruwansa ya yi ɗumi, wani sashe ya ƙafe, gishirin da ya saba zama kimanin giram 35 a kowace lita ya ƙaru, sannan idan an yi ruwan sama ya tsarma shi farat ɗaya. Da rana gansakuka takan cika shi da iskar oksijin, da dare kuma iskar ta ragu ƙwarai. Halittu kaɗan ne ke jure wannan sauyi. Na ƙasa kuwa ba ya daɗewa a buɗe kafin igiyar ruwa ta rufe shi, shi ya sa masu laushin jiki suke iya zama a ciki. Ka tsoma hannu a na sama sannan a na ƙasa da tsakar rana, za ka ji bambancin zafin da kanka.

Mai Lura da Gaɓa:
Game da lokaci, a yawancin gaɓoɓi teku yana cikowa ya janye sau biyu a rana, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Janyewar ta fi nisa a kwanakin sabon wata da lokacin cikarsa, domin a sannan ne jan wata da na rana suke haɗuwa a layi ɗaya. Ka duba jadawalin cikowa da janyewa na wurin, ka isa da sa'a ɗaya kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, ka bi shi zuwa ƙasa. Ina roƙonka kada ka juya wa teku baya, kuma ka lura da hanyar komawarka, domin ruwa yakan zagayo ta bayan dutse ya datse mutum. Gansakuka tana da santsi matuƙa, sai da takalmi mai kama ƙasa.

Malama Mai Nazari:
Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai zafi da gishiri ba su kaɗai ke tsara wurin ba. A ƙasa, cin juna da gasar neman gurbi ne ke da rinjaye. A shekarar 1966 masanin halittu Robert Paine ya wallafa bincikensa na gaɓar jihar Washington a Amurka, inda ya riƙa cire tauraron teku, wata halittar ruwa mai siffar tauraro da ke cin kumba (halitta mai ɓawo biyu da ke manne wa dutse), daga wani yanki na dutse. Sai kumba ta mamaye wurin, nau'o'in halittu suka ragu daga 15 zuwa 8.

Idan ka je kallo, ka zauna shiru a gefen kududdufi, kada inuwarka ta faɗa cikinsa, bayan ɗan lokaci za ka ga abin da ka ɗauka tsakuwa ne ya fara motsi. Idan ka ɗaga dutse, ka mayar da shi a hankali yadda ka same shi, domin ƙwai da ƙananan halittun da ke manne a ƙarƙashinsa za su bushe su mutu idan aka bar su a rana.