Bugun zuciyar yaro mai galahanga da ADHD: maganin ne ko ƙwaƙwalwa?

Maman Yara, Tumfure:
Assalamu alaikum. Yaro ne ɗan shekara 8 mai galahanga (autism), ga kuma ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, an ɗora shi kan maganin ADHD mai suna methylphenidate. A asibiti an auna bugun zuciyarsa 118 a minti ɗaya. Maganin ne ya jawo, ko dama haka zuciyar irin waɗannan yaran take?

Malamin Jinya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Awo ɗaya a asibiti ba ya yanke hukunci. Akwai jijiyar vagus da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro zuwa zuciya, aikinta kamar na birki ne. A yara masu galahanga da dama birkin nan ba ya ci da wuri. Ga hayaniyar layi, ga ƙarar janareta, ga baƙo ya riƙe masa hannu, sai bugun ya hau ya daɗe bai sauko ba. Methylphenidate ma yana ƙarawa, amma galibi bai kai bugu 10 a minti ba.

Ki auna a gida. Ya zauna shiru minti 5, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta wajen babban yatsa, ki ƙirga na daƙiƙa 30, ki ninka biyu. Ki yi da safe kafin magani, da awa biyu bayan ya sha, sai kuma yana barci. Ki rubuta har mako guda. In ba ya son a taɓa shi, na barcin ma ya isa a fara da shi. A shekarunsa, 70 zuwa 110 ba abin damuwa ba ne. In kin ji yana sauri idan ya ja numfashi, ya lafa idan ya fitar, lafiyar birkin ke nan.

Mai Kemis, Pantami:
Kafin a ɗora wa maganin laifi, a duba zazzaɓi. Kowane digiri ɗaya yana ƙara wajen bugu 10. Sai ƙarancin jini bayan maleriya, da ƙishirwa a zafin Maris da Afrilu, tunda maganin yana kashe sha'awar ci, yaron kuma ba lallai ya ce yana son ruwa ba. Shayi mai kauri, salbutamol na asma da maganin mura mai pseudoephedrine duk suna ɗaga bugu.

Likitan Yara:
Malam ya yi gaskiya, sai dai kar awon gida ya sa a yi jinkiri. Idan yana hutawa bugun ya tsaya sama da 120, ko ya suma wajen guje-guje, ko yana dafe ƙirji, ko a iyaye da 'yan'uwa an taɓa mutuwar fuju'a ƙasa da shekara 40, ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a yi masa ECG, wato gwajin aikin zuciya da na'ura. Awon hawan jini kuma da ɗaurin hannu na yara za a yi, na manya yana nuna ƙasa da gaskiya. Hajiya, yana shan clonidine na barci? Wannan ba a yanke shi farat ɗaya, jini yakan hau.