An ce za a ƙara kuɗin rajista: ta ina ƙungiyar ɗalibai za ta fara?

Dan_Aji_Uku: Assalamu alaikum. Magana na yawo a jami'armu, ta tarayya ce, wai za a ninka kuɗin rajista a zangon da ke tafe. Wasu na cewa mu fito zanga-zanga kawai. Manya, wa ake tunkara, me ake nema, kuma yaya za a yi kada a rufe makaranta?

Malam_Tsangaya: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara sanin abin da kuke faɗa da shi. A hukumance babu kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Abin da kuke biya tarkacen caji ne: jarrabawa, asibiti, laburare, intanet, wasanni, ɗakin gwaji, wuta da ruwa. Idan kuka rubuta "a soke kuɗin makaranta", za a amsa muku cewa ai dama kyauta ne, shi ke nan an kashe bakinku.

Ku rubuta wa ma'ajin jami'a ta hannun shugaban harkokin ɗalibai, ku nemi jerin cajin bara da wanda ake shirin sawa, layi-layi, da abin da aka kashe a kowanne. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In aka yi shiru, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana 7 ta amsa.

Majalisar gudanarwar jami'a ce ke amincewa da ƙarin, ba shugaban jami'a shi kaɗai ba. Ku gano ranar zamanta, takardarku ta riga ta isa. Da zarar an ɗora sabon farashi a shafin biya, aikin ya ninku.

Kada kuma ku ce ƙarin ba shi da dalili. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 dizal da komai suka tashi, sannan a Afrilun 2024 wutar rukunin A, wato masu samun lantarki awanni mafi yawa, ta koma naira 225 kowane yunit. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, gini da horar da malamai take yi, ba ta biyan kuɗin wuta. Don haka ku je da abin da za a iya ba ku: biya kashi biyu ko uku, ƙarin kaɗan-kaɗan ga waɗanda suka riga suka shiga, kada a hana kowa jarrabawa saboda ragowar bashi, da kujerar ɗalibai a kwamitin duba caji. A Jami'ar Legas a 2023, zama da shugabannin ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS, ne ya kai ga rage abin da aka sanar da farko.

Hajiya_Rijiyar_Zaki: Malam ya gama da cikin gida, amma kada a manta da gwamnonin jihohi. A Agustan 2023 gwamnatin Kano ta amince da biya wa 'yan jihar 7,000 da ke BUK kuɗin rajista, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantunta. A watan ne gwamnan Kaduna Uba Sani ya sauko da na jami'ar jihar, KASU, daga naira 150,000 zuwa 105,000. Nan ƙungiyoyin ɗaliban jiha suka fi SUG, wato ƙungiyar ɗaliban jami'ar baki ɗaya, amfani. Sai dai inda ake yin tuntuɓe shi ne jerin sunaye. Ku haɗa suna, lambar rajista, sashe, aji da ƙaramar hukuma, ku sa jami'a ta tantance kafin ku kai hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Jerin da aka cusa wa sunayen bogi, shi ke sa a ajiye fayil ɗin baki ɗaya.

Abu_Samaru: Ni ban yarda a cire zanga-zanga daga lissafi ba, sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ku 'yancin taruwa cikin lumana. Amma ita ce ta ƙarshe, kuma da tsari. Ku sanar da hukumar makaranta da 'yan sanda a rubuce, ku tsaya cikin harabar, da rana, ku naɗa masu tsawatarwa da kowa zai gane su da riga, kuma ba mai hira da 'yan jarida sai mutum biyu da aka zaɓa. Gilashi ɗaya ya fashe, abin da ke biyo baya sananne ne: a rufe makaranta, a rusa SUG, a ɗora wa kowa kuɗin ɓarna, shugabanni su gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Zanga-zangar ɗalibai ta "Ali Must Go" ta 1978 a kan ƙarin kwabo 50 na abincin yini ta tashi, aka rasa rayuka a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta lokacin, NUNS.

Sannan za a ce muku ai ga NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu. Gaskiya ne babu kuɗin ruwa a ciki, tana biyan makaranta kai tsaye, da naira 20,000 na wata ga wanda ya nema. Amma bashi ne, ana fara cirar kashi 10 na albashi shekara 2 bayan bautar ƙasa. Duk ƙarin da kuka bari ya wuce yau, ku za ku biya gobe. Ku sa a yarjejeniya cewa wanda NELFUND ta amince wa ba za a rufe masa rajista ba ko kuɗin sun makara, wanda ya riga ya biya da aljihunsa kuma a mayar masa cikin wa'adi rubutacce.

Dan_Aji_Uku: Na gode ƙwarai. Malam, takardar ma'ajin, shugaban SUG kaɗai zai sa hannu ko har da shugabannin tsangayoyi?

Malam_Tsangaya: Duka su sa. Mutum ɗaya ana iya kiransa ofis a lallashe shi ko a tsorata shi. Ku kuma aika wa reshen ASUU na makarantarku da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kwafi.