Mus ɗin cakulan a bilenda

Masu yin mus, kayan zaƙin nan na Faransa, a bilenda bakinsu ɗaya a kan cewa zafin kirim ɗin madara ne ke narkar da cakulan. A daddatsa baƙin cakulan giram 200, a kwara masa kirim mai zafi kofi ɗaya, a jira minti ɗaya kafin a kunna bilenda. A danne murfin da tsumma, tururi na iya ɗaga shi.

A kan saka ɗanyen ƙwai a ciki ne aka rabu. Ni ina bayan masu cewa a haƙura da shi in mai ciki ko ƙaramin yaro zai ci. Bilenda ba ta shigar da iska sosai, shi ya sa ake buga kirim mai sanyi daban, a gauraya a hankali bayan cakulan ya huce. Sai firji, awa 3.