Neman shawara: wa ɗalibin wasan kwaikwayo zai kai wa takarda a Katsina?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ina aji uku. An ce kowa ya nemo wurin da zai yi aikin koyon sana'a na SIWES. Ni a gida nake so in yi, don mahaifina ba shi da cikakkiyar lafiya, kuma kuɗin haya a Kaduna ko Abuja ya fi ƙarfina. Abokan karatuna 'yan Jos da Legas kowa ya samu kamfanin wasa mai zaure da fitilu da labule, ni kuwa takardar tana nan cikin jaka. Shin akwai ƙungiyar da ke gwajin wasa a kai a kai a cikin Katsina, wadda za ta karɓi ɗalibi ta riƙa sa mashi hannu a littafin aiki? Sannan ina mutum zai samu wurin da zai ɗora wasa ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba? Ina da ɗan rubutaccen wasa na minti 30 kan ƙauraye, wato 'yan daba, da shaye-shaye, ina so in ga yadda zai zauna a gaban mutane. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Abokina kar ka wahalar da kanka, hau mota ka nufi Kano. Can harkar take. Wa ke kallon wasan dandamali yanzu, kowa ido na kan waya?

Baba na Rafindadi:
Ɗana, Allah ya ba mahaifinka lafiya. Na yi wasa tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a yanke mana Katsina a 1987, don haka bari in ɗan tsawaita.

Abin da abokanka suka samu a Legas, wato kamfani mai zaman kansa da ke sayar da tikiti duk ƙarshen mako, ba haka wasa ke rayuwa a nan ba. Idan shi kake nema za ka zagaye ganuwa ka dawo ka ce babu komai, alhali akwai. Wurin farko da za ka kai takardarka shi ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Hukumar gwamnati ce, tana da hatimi, tana da dandalin wasa na buɗaɗɗen fili, kuma ta wurinta ake haɗa tawagar da ke wakiltar jiha a bikin al'adu na ƙasa da ake kira NAFEST. Maganar sa hannu a littafi ta ƙare ke nan. Amma ka san abin da za ka tarar: kiɗa da rawa da wasannin gargajiya sun fi rubutaccen wasa yawa, kuma gwaji ya fi zafi idan wani biki ya matso ko za a tarbi manyan baƙi. Ɗalibin da ya je ya zauna a benci yana jiran a kira shi, zai yi ta zama. Wanda ya tashi ya ɗauki ganga, ya ninke sutura, ya tambayi makaɗi me ya sa ya canja take a daidai wurin nan, shi ke fitowa da abu.

Kuma don Allah kar ka shiga da Turancin jami'a kana gyara wa dattawa tsayuwa. A cikinsu akwai wanda bai taɓa buɗe littafin wasa ba, amma yana iya riƙe mutum ɗari biyar a tsakiyar rana ba lasifika. Fili buɗaɗɗe malami ne mai tsanani. Ba bango da zai maido maka da murya, iskar hunturu na kwashe rabin maganarka, 'yan kallo sun kewaye ka ta ko'ina don haka duk inda ka juya ka ba wani baya. Lokacinka kuma daga bayan La'asar ne zuwa kiran Magariba, ladan na ɗaga murya taro ya watse ko kana tsakiyar kuka. Wasanka na minti 30 ya yi daidai da wannan, in ba ka cika shi da dogon jawabi ba.

Shi kuma yaron da ya ce a tafi Kano, ba laifi ya yi ba, amma ya sani Katsina ba baƙuwar wannan harka ba ce. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ɗan garin nan ne, kuma littafinsa Kulɓa Na Ɓarna ɗalibai da yawa sun karanta shi a makaranta, sun kuma hau dandamali da shi.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Ranka ya daɗe Baba, ban musa ba. Amma abinci fa? Dandamali na biyan kuɗin haya?

Baba na Rafindadi:
Ba ya biya, ɗana. Yaron bai tambayi inda zai yi arziki ba, inda zai koya ya tambaya.

Malama daga Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena, ni Hausa nake koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma ni aka ɗora wa ƙungiyar wasan kwaikwayo don ba wanda ya yarda ya karɓa. Ban karanci fannin ba. Abin da na iya shi ne in raba wa yara takarda in ce su haddace. In aka samu irinka ya riƙa zuwa ko da ranar Laraba da Asabar, ya koya masu yadda ake shigowa da fita, da yadda ake magana ba a juya wa jama'a ƙeya ba, wallahi da hannu biyu za a karɓe shi. Kai kuma ka samu 'yan wasa kyauta, da zauren taro kyauta, da 'yan kallo da ba sa ɓoye ra'ayi. Yaro ɗan aji biyu in wasa bai yi mashi ba hira zai kama yi, nan take za ka san fitowar da ta mutu.

Ka fara da shugaban makaranta, da takarda daga sashenku, kar ka bi ta wurin yara. Wasan ƙauraye kuma ka kawo rubutun a karanta tukuna. Za a duba ko akwai zagi, ko kwaikwayon shan ƙwaya da ya yi kama da koyarwa, ko haɗa maza da mata a fitowar da iyaye za su yi magana. Manyan makarantu ma ka leƙa su: Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Ɗaliban Hausa kan so wasa idan za su yi bikinsu, sannan ga Ranar Hausa 26 ga Agusta.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Kowa ya manta da rediyo. Akwai gidan rediyon jiha, akwai Companion FM ta Rediyon Najeriya, ga masu zaman kansu, ga talabijin na jiha da NTA. Duk suna da sashen shirye-shirye, kuma sun saba karɓar ɗaliban SIWES. A rediyo za ka gane ko rubutunka na da ƙashi, don ba kwalliya ba sutura, murya ce kawai da shiru. Idan mai sauraro a Mashi ko Kankiya bai bambance uwa da kishiya daga jimlar farko ba, ka faɗi. Za ka koyi yanke magana ta shiga cikin mintin da aka ba ka, da haɗa ƙarar ƙofa da takun doki da hayaniyar kasuwa. Shawarata ka raba mako, rabi hukuma rabi rediyo, in malaminka ya amince.

Bawan Allah daga Daura:
Katsinawa kun cika zancen ofis. Ƙanena, yaushe aikin naku zai fara? In ya haɗa da azumi, daga goma ga wata ka ajiye littafi ka bi yara masu tashe da dare. Dubi mai Tsoho da Gemu, ya manna auduga a haɓa, ya ranƙwafa, ya karkarwa, cikin minti biyu ya zama dattijo ba wanda ya koya mashi a aji. Dubi Jatau Mai Magani yadda yake jero sunayen itatuwa 'yan amshi na karɓa. Ga na 'yan mata irin su Mairama da Daudu, zaman aure ne suke kwaikwayo da ɗan tsokana a ciki. Akwai jagora, akwai amshi, akwai sutura, akwai 'yan kallo da ke biya da hatsi ko 'yan canji. In wannan ba kamfanin wasa ba ne, ban san me ake nufi da shi ba. Abin takaici yana ja baya, wasu unguwannin sai ka yi azumi guda ba ka ji shi ba.

Ka kuma zo mana Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, ka tsaya ƙofar fada ka ga yadda ake tsara shigowar mahaya, wa ke gaba wa ke baya, yaushe maroƙi ke ɗaga murya. Darakta ya ga wannan ya ƙaru. In ka biya Kusugu ka saurari yadda masu kula da rijiyar ke ba baƙi labarin Bayajida da maciji, ka lura da inda suke jan numfashi.

Ɗan Tudun Wada:
Yaya na Daura, maganarka da daɗin ji, amma malamin da zai zo duba shi daga Zariya ba zai karɓi "na bi yara tashe" ba. Adireshi yake so da sunan shugaba da hatimi. Kar mu ruɗa yaro ya maimaita shekara.

Tsohuwar ɗalibar sashen:
Ku duka biyun kuna da gaskiya, sai dai ɗan Tudun Wada bai san sashen nan ba. Hatimi kam dole ne, shi ya sa Baba ya ce hukuma. Amma rahoton da za ka rubuta a ƙarshe, abin da na Daura ya faɗa shi zai ɗaga shi.

Ƙanena, ka tuna inda kake karatu. Dandalin da kuke gwaji a ciki, Drama Village, da laka aka gina shi a tsakiyar shekarun 1970, a siffar gidan Bahaushe mai ɗakuna da tsakar gida, don a nuna cewa wasa ba sai da zauren Turawa ba. Daga nan Michael Etherton, malami a sashen a lokacin, da abokan aikinsa suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka, irin aikin da Farfesa Oga Steve Abah ya daɗe yana yi daga baya. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka kai wannan aiki a ƙarshen shekarun 1970 shi ne Maska, wajen Funtuwa, wadda yau take cikin jiharmu. Wato abin da ake koya maku a aji, wani yanki nasa a ƙasar Katsina aka gwada shi. Malaminka ba zai raina shi ba.

Shi ya sa nake da ja a kan rubutaccen wasanka. Ai ka rubuta shi ne a ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru, kan matasan da ba ka zauna da su ba. Kafin ka ɗora shi, je ka zauna majalisar samarin unguwarku, da masu sayar da shayi, da uwar da ɗanta ya shiga harkar. Kar ka je da takarda. Saurara kawai: wa ke ba su kuɗi lokacin siyasa, me ke faruwa bayan zaɓe, me ya sa wanda ya tuba yake komawa. Sai ka samu mutum biyar ko shida daga cikinsu ku gina wasan tare, da kalmominsu. Ranar wasa kar ka kai shi ƙarshe. Tsayar da shi a inda uba ya ɗaga hannu zai kori ɗansa, ka juyo ka tambayi jama'a, ya kore shi ko ya bar shi? Wanda ya ce ga yadda za a yi, ka ce bismillah, shigo ka nuna mana. Muhawarar da za ta biyo baya ta fi wasan tsawo, kuma ita za ka rubuta.

Ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan rigakafin shan inna da karatun 'ya'ya mata suna neman masu wannan fasaha, kuma su kan ba da ɗan na mota. Sai dai su saƙonsu a shirye yake zuwa, ba kasafai suke son a tsaya tambayar jama'a ba. Ka karɓi aikin in ya samu, amma ka san bambancin.

Abu biyu kar ka yi wasa da su. Kar ka tara mutane a fili ba ka gaida mai unguwa ka faɗa mashi abin da za a yi ba, in da hali ka gayyaci limami ma ya zauna a gaba. Sannan yadda tsaro yake a wasu ƙananan hukumomin, ka tsaya cikin gari. Ba maki da ya kai ranka.

Ɗiyar Ƙofar Guga:
Yaya, don Allah in ɗan raɓa. Ni ma fannin nake karanta a Bayero, amma a gida an ce karatu dai karatu, hawa dandamali a Katsina kuwa a'a. Ya kika yi?

Tsohuwar ɗalibar sashen:
Ƙanwata, ban yi gardama da kowa ba. Na fara da rubutu da tsara sutura da bayar da umarni daga gefe, sannan rediyo, inda ba mai ganin fuska. Makarantun 'yan mata kuma mace suka fi so ta koyar da wasa. Ki gayyaci Mama ta zo ta ga wanda yaranki suka yi, ya fi dogon bayani. In kina son abin bincike, tambayi tsofaffin mata labarin wasan gauta, wanda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Mata sun daɗe a harkar nan, a cikin gida ne kawai.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ranar Litinin in sha Allahu zan kai takardar hukumar, in kira malamina in ji ko zai yarda da rabin mako a rediyo. Malama, zan turo maki rubutun ki duba, amma bayan na zauna da samarin kamar yadda Yaya ta ce, don na san zai canja. Saura abu ɗaya: in mai unguwa ya ba mu fili, wa ya san inda ake hayar tabarmi da benci da araha wajen Ƙofar Marusa? Lasifika kam Baba ya hana.

Baba na Rafindadi:
Ban hana ba, cewa na yi ka iya ba ita. Benci kuma kar ka yi haya, je makarantar Islamiyyar unguwarku ka roƙi aro, ka maido kafin yara su shigo da safe.